Waiwaye: Murabiɗi, Mai Tsaron Ganuwa da Sunansa Ya Fito Daga Turken Doki

Kalmar ribaɗi, wato sansanin tsaron bakin iyaka, wadda Larabawa ke cewa ribaɗ, ba daga ganuwa ta faro ba. Daga igiya ta faro. Tushenta a Larabci shi ne rabaɗa, wato ya ɗaure. A Suratul Anfali, aya ta 60, inda aka umurci Musulmi su yi tanadin ƙarfi, an ambaci ribaɗil khaili, dawakin da aka ɗaure a turke cikin shiri. Ka ƙaddara doki ne da sirdi a kusa da shi, ya ci ya ƙoshi, yana kartar ƙasa, mai shi kuma bai yi nisa ba. Daga wannan hoton ma'anar ta tashi ta koma kan mutum. Wanda ya ɗaure kansa a bakin iyaka, ya ƙi gusawa, shi ne murabiɗi, jam'insu murabiɗun. Wurin da suke zaune kuma ya ɗauki sunan aikin.

Har yau ana iya ganin irin wannan wuri a gabar tekun Tunisiya. Ribaɗin Munastir an kafa shi a 796, zamanin gwamnan Abbasiyawa Harsama ɗan A'ayan. Na Susa kuwa hasumiyarsa ta 821 ce. Gini ne mai kusurwa huɗu, da tsakar gida, da ƙananan ɗakuna a jere kamar na almajirai, masallaci kuma a bene. Hasumiyar aiki biyu take yi: a kira salla a kanta, a kuma hango jiragen Rumawa. In an ga abin tsoro da dare sai a kunna wuta, ribaɗin gaba ya gani shi ma ya kunna. Da yawan mazauna wurin ba sojan albashi ba ne. Masu neman lada ne, sun zo su yi watanni suna gadi, suna karatu da azumi, saboda hadisin da ya ce ribaɗin yini guda a tafarkin Allah ya fi duniya da abin da ke cikinta.

A nan kalmar ta rabu gida biyu, kuma wannan ne ya fi ɗaukar hankalina. Mutumin da ke gadi ba kullum ake kawo masa hari ba. Yawancin kwanakinsa jira ne, jiran kuwa da ibada ya cika shi. Sannu a hankali sai takobi ya ja baya, carbi ya matso. A Magrib, wato yammacin Arewacin Afirka, murabiɗi ya koma nufin waliyyi ko malami, Faransawa suka ɗauka suka ce marabu, sunan da har gobe ake kiran malamai da shi a ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka.

Ɗaya reshen bai ajiye makami ba. A ƙarni na 11 Abdullahi ɗan Yasin ya tara kabilun Sanhaja na Sahara, aka kira su Almurabiɗun. Su suka gina Marrakesh wajen 1070, kuma Yusufu ɗan Tashfin ya tsallaka Andalus ya ci yaƙin Zallaƙa a 1086. Dinarinsu ya yi farin jinin da Sifaniyawa suka raɗa wa kuɗinsu marabedi, daga sunan Almurabiɗun, suka yi ta kashe shi har ƙarni na 19. Rabat, babban birnin Maroko, ita ma gajarta Ribaɗul Fathi ce.

A Daular Usmaniyya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya mayar da ribaɗi ginshiƙin tsaro. Ya ga cin yaƙi daban, riƙe ƙasa daban, ga Gobirawa da Kabawa ba su saduda ba. Sai ya kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kansu, ya ja Fulani makiyaya su zauna su yi noma, su koyi sana'a, su sa yara karatu. Dabara ce mai zurfi, domin wanda gonarsa da iyalinsa ke cikin ganuwa ba sai an roƙe shi ya tsare ƙofa ba. Bello bai tura wasu shi ya kwanta a Sakkwato ba. Ya tare a ribaɗinsa na Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake.