Wai sai an buga a jarida ake kama mutum da ɓata suna?

Kwanan nan a teburin mai shayi na ji wani yana rantsuwa cewa maganar baki ba ta kai mutum kotu, wai doka "publish" ta ce, wato wallafawa, shi kuwa ba shi da jarida. Na kusa da shi kuma cewa yake ko saƙon murya ka tura wa matarka za a iya ɗaure ka. Duk su biyun kalma ɗaya ce ta ruɗe su.

Sashe na 391 na dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod (Penal Code), wadda Arewa ta fara aiki da ita a 1960, shi ne ke magana a kan ɓata suna. Ya haɗa maganar baki, rubutu, nuni da hoto, kuma bai ware ɗan jarida daga ɗan kasuwa ba.

A makaranta an koya mana "say" faɗa ne kawai, ko kai kaɗai a ɗaki, amma "tell" sai da wanda aka gaya wa. To "publish" ɗin lauyoyi ya fi kusa da "tell". Ba ruwansa da injin ɗab'i. Da zarar maganar ta shiga kunnen wani, ban da kai da wanda kake zargi, an "wallafa" ta. Ka rufe ƙofa ka ce wa mutum ɓarawo, ku biyu rak, wannan zagi ne, sashensa daban. Ka faɗa a majalisa ko a zauren WhatsApp na 'yan unguwa, ka shigo gonar 391. "Ni ma turo min aka yi" ba ta wanke mai turawa.

Sai dai mai tsoron saƙon murya ya kwantar da hankali: dole a nuna ka yi niyyar zubar da mutuncin mutumin, ko kana da dalilin sanin maganar za ta zubar. Sashe na 392 ya ce ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tara, ko duka.

Inda nake jin dokar ta matse talaka shi ne gaskiya kaɗai ba ta isa kariya ba, sai an ga faɗinta na da amfani ga jama'a. Kafin alƙali ya auna wannan amfanin, wanda ya soki mai kuɗi ya riga ya kwana a ofishin 'yan sanda, danginsa na ta neman mai tsaya masa beli.