Aditya Chopra: marubucin da miliyoyi suka kalli aikinsa amma ba su san fuskarsa ba

Wai waye Aditya Chopra ɗin nan da sunansa ke fitowa a farkon finafinan Indiya?

Ɗan marigayi Yash Chopra ne, wanda ya kafa kamfanin Yash Raj Films a 1970. An haifi Aditya ran 21 ga Mayu 1971, kuma tun yana matashi yake bin babansa wajen ɗaukar fim, ya yi masa mataimaki a Chandni a 1989 da Lamhe a 1991 da Darr a 1993. Yau shi ke riƙe da kamfanin. Uday Chopra da kuka sani a Dhoom ƙanensa ne.

Darakta ne ko furodusa ko marubuci?

Duka ukun, amma in ni za a tambaya marubuci ne kafin komai. Ku duba fa, a sama da shekara ashirin finafinai huɗu kacal ya ba da umarni da kansa, Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995, Mohabbatein a 2000, Rab Ne Bana Di Jodi a 2008, sai Befikre a 2016 da aka ɗauka a Faransa. Alƙalaminsa kuwa bai taɓa hutawa ba, Veer-Zaara na 2004 da babansa ya ba da umarni shi ya rubuta, haka labarin Jab Tak Hai Jaan na 2012 wanda shi ne fim ɗin ƙarshe na babansa, ya rasu a Oktoban shekarar kafin ma fim ɗin ya fita.

Me ya sa kullum sai an dawo kan fim ɗinsa na farko?

Saboda dabarar da ya yi a rubutun. Yana ɗan shekara 24 fim ɗin ya fita, ran 20 ga Oktoba 1995, da Shah Rukh Khan da Kajol. A lokacin abin da aka saba shi ne in iyaye suka ƙi, saurayi ya ja hannun yarinya su gudu, shi kuma sai ya kawo saurayi ɗan Landan mai rawar kai wanda kowa zai ɗauka shi ne farkon mai guduwa da 'yar mutane, sai yaron ya ce a'a, ba zai tafi da ita ba sai babanta ya ba shi ita da hannunsa, har uwar yarinyar ta ce su gudu ya ƙi. To daga nan labarin ya tashi daga kan masoya biyu ya koma kan uban, wato Amrish Puri, duk rabin fim ɗin na biyu ƙoƙarin sauko da zuciyar dattijo ɗaya ake yi, har tashar jirgin ƙasa inda ya saki hannun 'yarsa. Ni a ganina shi ya sa fim ɗin ya zauna a gidajenmu, a Kano ko Zinder ba sai an yi wa kowa bayanin me ake nufi da albarkar iyaye a aure ba, mun san nauyinta. Fim ɗin ya ci kyautar Filmfare 10, kuma sinimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta ci gaba da haska shi kullum har ya cika mako 1000 a Disambar 2014, aka kuma ci gaba.

To aikin furodusan fa, ba kuɗi kawai yake zubawa ba?

Ina! Furodusa shi ke zaɓar labarin da za a yi, ya zaɓi darakta da jarumai, ya san nawa za a kashe da yadda fim zai kai sinima, in aka faɗi kuma asarar tasa ce. Abin da Aditya ya yi shi ne ya mai da kamfanin iyali cikakkiyar masana'anta, suna da sitidiyonsu a unguwar Andheri a Mumbai, su shirya, su rarraba, waƙoƙin ma su ke fitarwa. Daga nan Dhoom ya fito a 2004, Chak De! India a 2007, Ek Tha Tiger a 2012, War a 2019, sai Pathaan a 2023 da ya dawo da Shah Rukh Khan bayan shekara huɗu bai ja fim ba. Kuma yana da ido wajen sababbin fuska, Anushka Sharma a fim ɗinsa na 2008 ta fara, Ranveer Singh kuma a Band Baaja Baaraat a 2010.

Ya taɓa faɗuwa?

Sosai ma. Befikre bai burge mutane ba, Thugs of Hindostan na 2018 kuwa duk da Amitabh Bachchan da Aamir Khan na ciki da uban kuɗin da aka narka, 'yan kallo sun juya masa baya, don labarin ba shi da ƙashi, manyan sunaye ba sa ɗinke rubutun da ya yage.

Gaskiya ne ba ya hira da 'yan jarida?

Gaskiya ne, shekaru da yawa hotonsa ma da ƙyar ake samu. Aurensa da Rani Mukerji a Italiya aka ɗaura a Afrilun 2014 cikin sirri, suna da 'ya ɗaya da aka haifa a 2015. Sai a 2023 ya yarda ya zauna gaban kyamara ya yi doguwar hira a shirin The Romantics na Netflix, wanda aka yi kan tarihin babansa da kamfanin, a nan ne da yawa daga cikin waɗanda suka taso da finafinansa suka fara jin muryarsa.