Dawakai Ne Suka Ja Fasinjojin Farko a Layin Dogo

Mutane da yawa sun ɗauka cewa jigilar fasinja a layin dogo ta soma ne a 1825, lokacin da aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a Ingila da injin tururi. Lamarin ba haka yake ba. Tun ranar 25 ga Maris, 1807, fasinjoji masu biyan kuɗin tafiya suka fara hawa daga tashar Mount da ke Swansea, garin da ake narkar da jan ƙarfe a wancan lokacin a yankin Wales na Birtaniya, kuma dawakai ne ke jan taragon a kan layin da aka shimfiɗa tun asali domin ɗaukar kwal da dutsen farar ƙasa. Injin tururi bai karɓi aikin ba sai 1877. An rufe layin na Swansea a 1960.