Motocin Gudu Na 'Yan Ƙalilan: Mota Ake Saye Ko Suna?

A 2018 kamfanin Bugatti ya fito da wata mota mai suna Divo. Guda 40 kacal ya ce zai ƙera, kowace a kan yuro miliyan 5, kuma kafin a yaye mata mayafi a gaban 'yan jarida an riga an saye su tas. Injin da ke cikinta shi ne dai na Chiron, wata motar kamfanin, wadda kuɗinta bai wuce rabin haka ba. Ga kuma abin dariya: a miƙaƙƙen titi Chiron ta fi ta gudu, don an taƙaita Divo a kilomita 380 cikin sa'a, ita kuwa Chiron tana kai 420. To me aka saya da ƙarin miliyan biyu da rabin nan? Daga nan tambayoyin suka taso.

Tukuna, wace ce motar da ake cewa an ƙayyade yawanta?

Ita ce wadda kamfani ya sanar tun farko cewa guda kaza zai ƙera, daga nan ya rufe. Sai dai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Asalin abin daga filin tsere ya fito. Dokar gasa kan ce ba za a bar mota ta shiga wani rukuni ba sai an ƙera wani adadi nata da za a iya sayar wa jama'a, sai kamfani ya ƙera iya abin da zai buɗe masa ƙofa. Harafin ƙarshe na sunan Ferrari 250 GTO ma abin da yake nufi ke nan a Italiyanci, wato wadda aka amince mata ta shiga gasa. Guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964.

Akwai waɗanda aka zauna aka zana su daga tushe, ba su haɗa komai da sauran motocin kamfanin ba, irin McLaren F1. Sannan akwai waɗanda suka fi yawa a yau: motar da kowa ya sani, a sauya mata fenti da ɗinkin kujera, a manna wani ɗan allo kusa da giya mai cewa ita ce ta 37 cikin 500, a ƙara kuɗi. Wannan ta ƙarshen, ni dai allon nake ganin an saya.

Ƙarin kuɗin nan, na ƙarfe ne ko na suna?

Akwai na ƙarfe, ba a musu. Zana sabuwar mota da gwada ta da ƙera kayan aikin da za a haɗa ta yana cin kuɗi mai yawa, kuma in mota dubu ɗari biyar za a sayar, kowace ɗan kaɗan za ta ɗauka. In kuwa ɗari ce, kowace sai ta ɗauki ƙaton kaso. McLaren F1 kujeru uku gare ta, direba a tsakiya, jikinta na zaren kabon, kuma an shimfiɗa wa ɗakin injinta fallen zinare na gaske saboda ya mayar da zafi. Guda 106 aka yi gaba ɗaya, 64 daga ciki na hawa titi. Wanda ya biya kuɗinta ya san abin da ya riƙe.

Ita ma Divo a yi mata adalci: ta fi Chiron rashin nauyi da kilo 35, iska ta fi danne ta a ƙasa, don haka ta fi iya shan kwana. Amma ba wanda zai rantse cewa kilo 35 ya ci yuro miliyan biyu da rabi. Sauran kuɗin na ƙaranci ne, kuma da gangan ake ƙirƙirar ƙarancin. Kamfanin Ferrari har yau yana tinƙaho da ƙa'idar da ake danganta wa mai shi na farko, Enzo Ferrari, ta cewa a riƙa ƙera ƙasa da abin da kasuwa ke nema da mota ɗaya.

Amma ai an ce daraja suke ƙarawa, ba kamar sauran motoci ba?

Wasu kam sun ƙara, har abin ya wuce hankali. 250 GTO da aka sayar wajen dala dubu 18 tana sabuwa, a 2018 an yi gwanjon ɗaya a Kalifoniya kan dala miliyan 48.4. A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes ya sayar da ɗaya daga cikin 300 SLR Uhlenhaut guda biyu da ya ƙera a 1955, kan yuro miliyan 135. A 2021 wata McLaren F1 ta haura dala miliyan 20. Ko Lexus LFA, wadda aka yi 500 tsakanin 2010 da 2012 aka sa mata dala dubu 375 ta kuma daɗe a shagunan dillalai ba mai tayawa, yanzu wanda ya riƙe tasa yana murmushi.

Matsalar ita ce labarin waɗanda suka ci riba ne kawai ke yawo. Ba mai buga ganga don ya yi asara. Ga Jaguar XJ220. A baje kolin motoci na Birmingham a 1988 aka nuna samfurinta da inji mai silinda 12, ƙafafu huɗu duk suna ja. Mutane suka yi rububin ajiye kafin alƙalami, fam dubu 50 kowa, da yawansu ba don su hau ba, don su sayar ne da zarar ta fito. Da ta fito a 1992 sai ga inji mai silinda 6, ƙafafun baya kaɗai ke ja, farashi ya kai fam dubu 470, ga tattalin arziki ya karye. Masu kafin alƙalami suka fara zamewa, har aka dangana da kotu. An yi niyyar ƙera 350, ba a kai 300 ba, waɗanda suka yi kwantai kuma sai da aka karya musu farashi sosai kafin su fita. Mota ce mai gudun tsiya, ba ta da laifi a titi. Lokaci ne bai yi da ita ba.

Me zai hana kamfani ya ƙara yawansu bayan ya ce ya rufe?

Ba komai, sai kunya da tsoron ɓata suna. A nan ne nake ganin duk ginin yake da rauni, domin wanda ya biya kuɗin ƙaranci alkawari ya saya, kuma alkawarin yana hannun wanda yake cin riba in ya karya shi.

Ferrari F40 ta fito a 1987 da niyyar a ƙera wajen 400. Enzo ya rasu a Agustan 1988, aka ce ai ita ce ta ƙarshe da ya sa wa hannu, farashinta ya tashi sama a hannun 'yan kasuwa. Kamfani ya ga ana nema, ya ci gaba da ƙerawa har aka haura 1,300. Da kasuwa ta faɗi a farkon shekarun 1990, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka kwana ciki. LaFerrari kuwa 499 aka ce. Aka yi ta 500 don tallafa wa waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a tsakiyar Italiya a 2016, wannan ba mai ƙorafi a kai. Amma an kuma fito da mai buɗaɗɗen rufi, Aperta, guda 210. Ford ma ya ce GT dubu ɗaya zai yi, daga baya ya mayar da su 1,350.

Labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na Porsche 911 R. A lokacin kamfanin ya daina sa giyar hannu a GT3, wani nau'in motarsa ta 911, sai otomatik, masu son tuƙi suna ta guna-guni. A 2016 sai ya fito da 911 R: inji mai ƙarfin doki 500, giyar hannu mai hawa shida, ba ƙaton fiffike a baya, guda 991 kacal, kan kusan dala dubu 185. Kafin ka ce kwabo masu sari sun ninka kuɗinta biyu, sun ninka uku, har ana jin masu neman dala miliyan ɗaya. Porsche bai ƙara ko guda ɗaya a kan 991 ɗin ba. Abin da ya yi kawai, a 2017 ya dawo da giyar hannu a GT3, ya kuma fito da nau'in Touring marar fiffike, ba iyakar adadi, kuma ta fi araha. Ga ido da kunne da hannun direba, kusan abu ɗaya ne. Farashin 911 R ya sauko. Alkawari bai karye ba, amma wanda ya saya da ninki uku ya ji a jikinsa.

In ina da kuɗina a hannu, sai in je in saya?

A'a, kuma wannan ne mutane ba su cika sani ba. Gayyata ake yi. Divo sai wanda ya riga ya mallaki Chiron aka sayar wa. Ferrari yana duba tarihin mutum: motocinsu nawa ya saya, ya riƙe ko ya yi saurin sayarwa, yana halartar tarukansu ko ba ya zuwa. Saboda haka ribar da ake gani a kan mota ɗaya, a cire mata asarar da aka tafka a kan sauran motoci huɗu ko biyar da aka saya don a shiga layi.

Ford ya maida abin kamar neman aiki. Sama da mutum 6,500 suka cike takardar neman GT 500 na farko, wanda aka zaɓa kuma sai ya sa hannu cewa ba zai sayar ba sai bayan wata 24. Ɗan kokawar Amurka John Cena ya sayar da tasa ba a jima da ba shi ba, Ford ya maka shi a kotu a ƙarshen 2017, aka sasanta a 2018. Ka biya kuɗinka, amma ba ka da ikon sayar da kayanka.

Taƙaicen zancen, wanda aka gayyata ya saya a farashin kamfani shi ne mai samun sauƙi. Wanda ya zo daga baya ya saya a hannunsa, shi ke biyan ribar.

Riƙe ta fa, nawa yake ci?

Fiye da yadda ake zato. Bugatti Veyron, wadda aka yi 450 tsakanin 2005 da 2015, juyen baƙin mai kaɗai ana ƙiyasta shi wajen dala dubu 20, domin sai an kwance sassan bayanta kafin a kai ga wuraren tsiyayar man, su 16. Tayoyinta na musamman ne, saiti ɗaya ya haura dala dubu 25. Ga inshora, ga gareji mai na'urar daidaita zafi da laima. Mota kuma ba gida ba ce, ba ta kawo haya. Ranar sayarwa masu gwanjo suna da la'adarsu, wadda kan kai wajen kashi 10 cikin 100 a ɓangaren mai saye kaɗai.

Ke nan gara a rufe ta kada a hau?

Haka kasuwa ke so. McLaren F1 ɗin da ta haura dala miliyan 20, kilomita 390 kawai ta taɓa yi tun da aka ƙera ta a 1995, ƙasa da tafiyar Kano zuwa Abuja. Irin motar da ta taɓa kafa tarihin gudun kilomita 386 a sa'a, an ajiye ta shekara 26 kamar kwanon jere. Ni wannan abin tausayi ne.

Na fi son labarin Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin Ingila da yara suka fi sani da Mista Bin. Ya sayi tasa McLaren F1 ɗin a 1997, ya riƙa hawa kamar kowace mota har ya yi dubban kilomitoci, ya yi hatsari da ita sau biyu. Gyaran na 2011 ya ci wa kamfanin inshora fam dubu 910. Duk da haka a 2015 ya sayar da ita kusan fam miliyan 8. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma F1 ce, ba kowace mota mai allon lamba za ta yafe wa mai ita haka ba.

To a taƙaice, sun cancanci kuɗin?

Ga mai neman gudu zalla, a'a. Yawanci nau'in da ba a ƙayyade ba yana ba da kusan duk abin da ake nema a rabin kuɗi, kuma ba titin jama'a da zai bari a ga bambancin. Ga mai neman zuba jari, caca ce wadda 'yan cikin gida suka riga suka ga kati. Inda nake ganin kuɗin ya halatta shi ne motar da in an ɓamɓare allon lambar nan, har yanzu ba ta da irinta: inji nata, jiki nata, ko tarihin tsere da ba za a iya sake ƙerawa ba. Porsche ya iya yin wata mai kama da 911 R cikin shekara guda. Ba wanda zai iya komawa 1962 ya ƙara GTO ta 37.

In aka kawo irinta ƙasashenmu fa?

Ƙasanta kusan shafar titi yake, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa mata gaba. Tana son fetur mai inganci sosai, ga kuɗin kwastan, ga shi ba bakaniken da kamfani ya amince ya taɓa ta, kuma duk gyaran da ba hatimin kamfani a takardarsa rage mata daraja yake. Shi ya sa attajiran nahiyar nan da dama a Turai ko Dubai suke barin nasu. Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini, a Suwizalan hukumomi suka ƙwace nasa a wani binciken almundahana. A Satumban 2019 aka yi gwanjon guda 25, aka tara wajen dala miliyan 27 da aka ce za a kashe kan ayyukan jin ƙai a ƙasarsa. A cikinsu har da Lamborghini Veneno Roadster, ɗaya daga cikin tara da aka ƙera, wadda ita kaɗai ta haura dala miliyan 8, kuma ba ta yi ko kilomita 400 ba.