Waiwaye: Yadda aikin gida na makaranta ya shigo gidajen Hausawan Sudan

Lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya iso Sudan da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, karatun da suka zo da shi na allo ne, kuma sun tarar da irinsa a ƙasar, wato khalwa. A wannan tsari karatu a gaban malam yake farawa, a gabansa kuma yake ƙarewa. Yaro zai rubuta allonsa, malam ya biya masa, da dare a kewaye wuta ana tilawa, har sai ya riƙe sannan a ba shi izinin wankewa. Abin da ake nema a wurin iyaye shi ne ciyarwa da tufatarwa da kuɗin Laraba, amma ba a taɓa ɗora wa uwa nauyin koyar da darasi ba.

Makarantar gwamnati ta zo da wani lissafi daban. A 1934 aka buɗe cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda a Duwaim, wadda ta tsara manhaja da littattafan firamare na ƙasar, sai dai yawancin Hausawa a lokacin suna gonakin auduga na Jazira da ƙauyukan Gadarif, kuma kaɗan ne suka sa 'ya'yansu. A 1970 gwamnatin Numairi ta mayar da firamare daga shekara 4 zuwa 6, a farkon shekarun 1990 kuma aka haɗe ta da matsakaiciya ta zama shekara 8, mai ƙarewa da jarrabawar da ke yanke wa yaro hukuncin shiga sakandare. Littattafai suka yi yawa, azuzuwa suka cika maƙil, sai malamin da ba ya iya bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tura ragowar darasi gida, masu hali kuwa suka koma biyan kuɗin darasin yamma.

Nan ne matsalarmu ta bambanta da ta maƙwabta. Aikin da ake ba yaro da Larabcin littafi yake, alhali a gida Hausa ake yi, kuma uwar da ke ciniki da Larabcin kasuwa ba tare da gargada ba tana iya kasa karanta tambayar lissafin aji uku. Sai nauyin ya faɗa kan yaya ko yayar yaron, ko wani ɗan sakandare a unguwa, wanda sau da yawa rubuta masa amsa kawai yake yi don ya huta. Malam ya ga littafi a cike, ya ɗauka an fahimta. A ganina wannan ya fi rashin yin aikin illa, domin yana ɓoye raunin yaro har ranar jarrabawa, kuma ba adalci ba ne a kira irin waɗannan iyaye marasa kula. Abin da suke iya yi suna da shi tun daga khalwa: ware lokaci bayan magariba, tanadar fitila, sauke wa yarinya talla da wanke-wanke na ɗan lokaci, da sa yaro ya karanta da ƙarfi sannan ya faɗi abin da ya gane da Hausa.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta fara maido da makarantar matsakaiciya daga 2020, amma kafin gyaran ya zauna yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, makarantu suka rufe, wasu suka zama masaukin waɗanda suka rasa matsuguni. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Inda aka sake buɗewa, akwai yaran da suka dawo har haɗa baƙi ya kuɓuce musu, don haka aikin da ya dace malami ya ba su shi ne ɗan kaɗan wanda aka riga aka koyar a aji, wanda yaro zai iya yi shi kaɗai ko da babu mai karatu a gidansu.