Dracula a Fina-finai

Dracula littafin labarin ban tsoro ne da marubucin nan ɗan ƙasar Ailan, Bram Stoker, ya fitar a 1897, kuma yana cikin littattafan da aka fi mayarwa fim a tarihi. Labarin wani basarake ne na yankin Transilbaniya, a ƙasar Romaniya ta yau, wanda ya mutu amma bai kwanta ba: yana tashi daga akwatin gawarsa ya sha jinin mutane. Sai dai siffar da yawancin mutane suka san shi da ita, ta kyakkyawan mutum sanye da baƙar alkyabba, daga dandamali da fim ta samo asali. A littafin tsoho ne mai dogon farin gashin baki, da gashi a tafin hannu, yana komawa matashi gwargwadon jinin da ya sha.

Stoker ya gina labarin da wasiƙu, da rubuce-rubucen yau da kullum na mutanen da abin ya shafa, da guntayen labaran jarida. Bayan babukan farko Dracula kansa ba ya yawan fitowa, ɓarnarsa kawai ake gani. Kyamara kuwa dole ta nuna fuska, shi ya sa kowane darakta sai da ya ƙirƙiri nasa.

Na farkon da ya yi suna shi ne Nosferatu, fim marar magana da F. W. Murnau ya shirya a Jamus a 1922. Kamfanin Prana Film bai nemi izini ba, sai ya sauya sunaye, Dracula ya koma Orlok. Max Schreck ya fito a matsayin da ƙwalƙwal ɗin kai, da zara-zaran farata, da haƙoran gaba irin na ɓera, ya shigo gari da ɓeraye da annoba. Matar marigayi Stoker, Florence, ta kai ƙara, kotu ta ba da umarnin a lalata duk kwafin fim ɗin a 1925. Wasu sun tsira, da su ake kallonsa har yau. A wannan fim ne aka fara nuna hasken rana yana kashe mashayin jini. A littafin Dracula yana yawo da rana tsaka a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa, kuma da wuƙaƙe aka gama da shi.

A 1931 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da nasa ƙarƙashin Tod Browning, wanda ya dogara da wasan dandamali na Hamilton Deane da John L. Balderston fiye da littafin. Bela Lugosi, ɗan ƙasar Hangari, shi ya riƙe matsayin tun a dandamalin Broadway na birnin New York a 1927, kuma nauyin harshensa da kallonsa suka zame wa Dracula alama. Ko fiƙa ba a nuna a bakinsa ba. Da dare, idan ma'aikatan sun tashi, wata tawagar kan shiga wurin ta ɗauki labarin da Sifaniyanci, tare da Carlos Villarías a matsayin Dracula.

Jini ja-wur sai a 1958 ya bayyana, a fim mai launi na kamfanin Hammer na Birtaniya. Christopher Lee ya fito da fiƙoƙi da jajayen idanu, Peter Cushing kuma ya zama Van Helsing, malamin da ke farautar Dracula, wanda a ƙarshe ya fizge labule rana ta shigo, ya gitta maɗoran kyandir biyu suka zama gicciye.

Francis Ford Coppola ya sa sunan Stoker a taken fim ɗinsa na 1992, ya dawo da mutanen littafin da aka saba zubarwa, amma ya cusa soyayya tsakanin Dracula (Gary Oldman) da Mina, ɗaya daga cikin matan da yake farauta, abin da babu shi a asali. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku. Shi kuwa Nosferatu ɗin da kotu ta so shafewa, an sake shirya shi, ciki har da na Werner Herzog a 1979 da na Robert Eggers a 2024.