Ma'anar "farfaɗo", da matar da ba wanda ya yayyafa wa ruwa

Ran Asabar ina kan kujerar mai aski, rediyo na rataye a ƙusa saman madubi, na ji kalmar "farfaɗo" sau bakwai kafin a gama mini gefe ɗaya. Wani ɗan takara zai farfaɗo da masaƙu. Wani kwamishina zai farfaɗo da noman auduga. Da aka shiga filin nishaɗi, mai gabatarwa ya ɗauko zancen fim ɗin nan da aka yi kan rayuwar mawaƙin Amurka Bob Dylan, ya ce wai Dylan da abokansa ne suka farfaɗo da waƙoƙin gargajiyar Amurka bayan sun mutu murus. Ban san lokacin da na ɗago kai ba, har mai askin ya ce, "Haba Malam, tsaya mana kar in yanke ka."

Ba sai an koya wa Bahaushe ma'anar farfaɗo ba. Duk wanda ya taɓa ganin mace ta yanke jiki ta faɗi a gidan rasuwa, ana ta fifita ana yayyafa ruwa har ta ja dogon numfashi, ya san kalmar ciki da bai. Ko a kunne ka ji ta, 'yar ɗakinsu ɗaya da farfaɗiya. Kuma tana da sharaɗi: sai an suma ake farfaɗowa. Wanda ya mutu murus ba ya farfaɗowa, janaza ake yi masa. Wanda yake zaune lafiya lau yana cin tuwonsa shi ma ba a farfaɗo da shi, sai dai in kai ne ba ka leƙa gidansu ba. Masu maganar masaƙun Kakuri aƙalla suna da sumamme a gabansu, ko da yake sumar ta yi tsawon da ya kamata a kira likita ya duba ko da sauran rai.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ke damuna shi ne ɗan ƙaramin "da" ɗin nan da ake liƙawa a bayan kalmar. A asali mutum shi ke farfaɗowa: Hajiya ta farfaɗo, maras lafiya ya farfaɗo. Aikin nasa ne, numfashin nasa ne. Da zarar ka ce "farfaɗo da", ka shigo da wani mutum na biyu cikin jimlar riƙe da kofin ruwa, kuma daga nan labarin ya zama nasa. Shi za a ɗauka hoto. Shi ya sa 'yan siyasa ke son kalmar kamar me: tana ba ka matsayin mai ceto tun kafin ka ceci kowa, kuma ba wanda zai tambaye ka wa ya sumar da abin tun farko.

To mu koma Amurkan da mai gabatarwa ya kai mu. Gaskiya ne daga shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1960 matasan birni, musamman ɗaliban jami'a da masu zaman gidajen shan gahawa na New York, sun rungumi tsofaffin waƙoƙin manoma da ma'aikatan ma'adinai da jikokin bayi. Su da kansu suka raɗa wa abin suna da kalmar da muke fassarawa farfaɗowa. A 1950 ƙungiyar mawaƙa ta Weavers ta mamaye kasuwa da wata waƙar Lead Belly, wani mawaƙi baƙar fata, shi kuwa ya rasu a Disambar 1949, bai ga ko sisin wannan cinikin ba. A 1958 mawaƙan ƙungiyar Kingston Trio suka yi tashe da waƙar da aka jiyo a bakin Frank Proffitt, wani manomi a tsaunukan North Carolina. A 1959 aka fara bikin waƙoƙin gargajiya na Newport. A 1962 hoton mawaƙiya Joan Baez ya hau bangon mujallar Time. Duk wannan ya faru. Sai dai manomin can yana rera abarsa tun kafin a haifi masu "farfaɗo da" ita. Waƙar ba ta suma ba. Birni ne ya yi barci, ya farka ya ce gari ya waye.

Wadda nake son a tsaya a kanta ita ce Elizabeth Cotten, don labarinta shi ne ya fi warware wannan kalma, kuma shi ne ya fi rikita ta.

Baƙar fata ce, haifaffiyar gefen Chapel Hill a jihar North Carolina, a shekarun 1890. Bahaguwa ce. Tana ƙarama takan saci banjon yayanta ta kaɗa in ya fita, shi banjo kuwa dangin gurmi ne, kakanninsa daga Afirka ta Yamma suka tsallaka teku tare da bayi. Da ta so nata abin kiɗan, sai ta shiga aikatau a gidan wasu Turawa ana biyanta santi 75 a wata, ta yi ta tari har ta sayi jita ta dala 3 da santi 75. Ba wanda ya koya mata. Jitar ta masu hannun dama ce, ita kuma ba ta sauya jerin tsirkiyoyin ba, kawai ta juya ta ƙasa a sama ta rungume. Ka kwatanta abin a idonka: kaurara tsirkiyoyin da ya kamata su kasance a sama sun koma ƙasa, sirara sun dawo sama. Kowane makaɗi babban yatsansa ne ke riƙe da amon ƙasa, sauran yatsu su yi waƙar. Ita a wurinta manuniya ce ke sauka tana tashi a kan kaurara, babban yatsa kuma shi ke rera waƙar a kan sirara. Shi ya sa sautinta ke fita da wani laushi, don tsokar babban yatsa ce ke shafar siririyar tsirkiya, ba farce ba. Har yau makaɗan jita na kiran wannan salo da sunanta, kuma masu hannun dama na shan wuya kafin su kusanci amonsa. A garinmu da tuni wata gwaggo ta buge hannun hagun nan da muciya.

Tana wajen shekara 11 ko 12 ta tsara "Freight Train", waƙar jirgin ƙasa na dakon kaya da take jin wucewarsa daga gidansu da dare. A ciki yarinyar tana roƙon in ta mutu a binne ta inda za ta riƙa jin jirgin yana wucewa. Yarinya 'yar shekara 12 fa.

Ga inda abin ya ɗaure. Ita kam ta yi sumar gaske. Ta shiga coci, dattawan coci suka ce mata ta bar waƙoƙin duniya. Aure ya zo, haihuwa ta zo, aikatau ya ci gaba. Ta ajiye jita shekara da shekaru, fiye da ashirin. Abin dariya, kalmar da 'yan birni suka raɗa wa harkar waƙarsu ita ce dai kalmar da cocin Amurka ke kiran taron wa'azin sabunta imani da ita. Wato farfaɗowa ɗaya ta ƙwace mata jita, wata farfaɗowar ta zo tana cewa ita ta mayar mata.

A shekarun 1940 tana aiki a wani babban kanti a Washington, ta tsinci wata yarinya da ta ɓace wa uwarta a cikin kantin, ta kai ta. Yarinyar ita ce Peggy Seeger. Uwar, Ruth Crawford Seeger, mai tsara kiɗa ce, mijinta Charles Seeger masanin kiɗa, ɗansa Pete Seeger yana cikin Weavers ɗin da na ambata. Suka ɗauke ta aikin gida. Gida ne da ba a zancen komai sai waƙar gargajiya, ana sauraren faya-fayen da aka naɗo daga ƙauyuka, ana rubuta su a takarda. Matar da ke yi musu girki da guga tana ɗauke da irin abin da suke nema a cikin kanta, aka ɗauki shekaru ba wanda ya sani. Wata rana ta sauko da jitar gidan daga inda take rataye, ta juya ta ƙasa a sama, ta soma lalubo abin da yatsunta suka sani tun tana yarinya. A haka aka same ta.

Yanzu ka gwada jimlolin biyu. "Elizabeth Cotten ta farfaɗo." Daidai ne, ba ƙari ba ragi. "Iyalin Seeger sun farfaɗo da Elizabeth Cotten." Wa ya yayyafa mata ruwa? Hannunta ne ya kai ga jitar. Ba ina rage wa Mike Seeger ladansa ba ne, ƙanin Pete, wanda ya riƙa ɗaukar na'urar naɗar sauti yana zuwa gidanta yana naɗar ta a ɗakin kwananta, har kamfanin Folkways ya fitar da faifanta na farko a 1958, kuma ya yi shekaru yana raka ta wasa. Ya yi aikin kirki. Amma sunan aikin nasa saurare da yaɗawa. In za ka saurari faifan, kada ka sa ran muryar 'yan gasa. Siririyar murya ce ta mace mai shekara sittin da ɗoriya, tana rawa, wani wurin tana tsagewa, kamar kaka tana rarrashin jika bayan isha'i. A kunnena wannan tsagewar ta fi duk gogaggun muryoyin da suka maimaita waƙar daga baya, kuma sun yi yawa, har da na ƙungiyar Peter, Paul and Mary.

Kalma tana da farashi, kuma ita ta biya. Peggy ta je Ingila tana rera waƙar jirgin. A 1957 ƙungiyar Chas McDevitt da mawaƙiya Nancy Whiskey suka kai ta sahun biyar na farko a kasuwar faya-fayen Birtaniya, a jikin faifan kuwa sunayen wasu maza biyu ne a matsayin masu waƙa. Ai "ta gargajiya" ce, ba ta da mai ita, wanda ya tsinta ya kakkaɓe mata ƙura shi ke da ita. Sai da iyalin Seeger suka shiga maganar kafin a amince cewa mai waƙar tana nan da ranta a Washington tana aikin gida. Mu ko kuɗi ka tsinta a hanya sai ka yi cigiya. Duk lokacin da na ji wani matashi a situdiyo ya ɗauki amshin amada ko waƙar daka ya ɗora a kan fiyano, ana yi masa kirarin ya farfaɗo da al'ada, tambayar da ke zuwa mini ita ce ko ya yi cigiyar. Barmani Choge sai a 2013 ta rasu a Funtuwa, kuma matan da ke kiɗan ƙwarya a gidajen biki ba su taɓa tsayawa jiran kowa ba.

Ita Elizabeth ta ci gaba da hawa dandali har ta haura tamanin, tana ba da labari tsakanin waƙa da waƙa, tana sa jama'a su yi mata amshi. A 1984 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa ta masu riƙe da fasahar gargajiya. A 1985 ta karɓi lambar yabon waƙa ta Grammy, shekarunta sun kai casa'in. Ta rasu a Syracuse, jihar New York, a watan Yunin 1987, kuma sai a 2022 aka shigar da sunanta zauren girmamawa na mawaƙan rok.

Masoyanta "Libba" suke kiranta. Wannan suna daga bakin Penny ya fito, autar gidan Seeger, da ta kasa furta Elizabeth. Shi kuwa Elizabeth ɗin, yadda ake ba da labari, ba iyayenta ne suka raɗa mata ba. A gida "ƙaramar ƙanwa" kawai ake ce mata. Ranar farko da ta shiga makaranta aka tambaye ta sunanta, ita ta zaɓa ta faɗa.